Tambaya da Amsa: Zan tafi Koriya ta Kudu, me zan haddace?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah wata mai zuwa zan tafi Seoul wani kwas, kuma ko kalma ɗaya ban sani ba a yarensu. Waɗanne ya kamata in haddace? Abin da ya fi damuna abinci ne, ina tsoron naman alade.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kai ki lafiya. Kwantar da hankalinki, kalmomin da za su fisshe ki ba su da yawa, zan rubuto miki su yadda ake furtawa.

Gaisuwa ita ce "annyonghaseyo", safe da rana da dare duk ita ce, ki ɗan rusuna kai idan kina faɗa. Na gode "kamsahamnida", yi haƙuri "chwesonghamnida". Ki lura sosai da wannan, "ne" a wajensu eh ne, a'a kuma "aniyo". Kuma kar ki yanke "yo" ɗin ƙarshe, ita ce ladabin, "annyong" zalla sai ƙawaye da yara, kika faɗa wa dattijo kin yi rashin kunya.

Wadda ta fi kowacce amfani ita ce "juseyo", wato ba ni dan Allah. Ki nuna abu da hannu ki ce "igo juseyo", ruwa kuma "mul juseyo". Farashi "olmayeyo?", amma lissafin kuɗinsu, won, dubbai ne kuma ƙirga iri biyu gare su, gara mai kanti ya danna miki a kalkuleta. Kuɗi ko kati da hannu biyu ake miƙawa.

To batun alade, wallahi kin yi tunani, don yana ɓuya inda ba ki zata ba, cikin romon miya, cikin mandu (ƙullin fulawa mai haɗi a ciki), har kimbap ɗin da za ki gani kamar shinkafa da kayan lambu ne kawai sau da yawa akwai yankakken alade a tsakiya. Sunansa "dwejigogi". Ki kira mai kawo abinci da "jogiyo", sannan ki tambaya "dwejigogi duro issoyo?", wato akwai alade a ciki? Idan kika ce "dwejigogi mot mogoyo" kin ce ba kya ci. Giya "sul" ce. Ni dai shawarata ki ajiye jimlolin nan da rubutunsu na Hangul a wayarki ki nuna, saboda furucin baƙo ba kullum ake gane shi ba, manhajar fassara ta Papago za ta fitar miki. Ranar da kika gaji da tambaya ki hau jirgin ƙasa zuwa Itaewon, nan babban masallacin Seoul yake tun 1976, gidajen abincin halal na kewaye da shi.

Banɗaki "hwajangshil odiyeyo?". Allah ya tsare, in matsala ta taso ki ce "dowajuseyo", a taimake ni. 'Yan sanda 112, motar asibiti da kashe gobara 119, layin taimakon baƙi kuma 1330, suna amsawa da Turanci.