Na sa faifan 4TB a RAID amma wurin bai ƙaru ba, an cuce ni ne?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina da kwamfuta a gida mai Ubuntu da nake tara hotuna da bidiyon biki da nake ɗaukar wa mutane, fayafai biyu ne a ciki masu 2TB kowanne, RAID1 da mdadm (manhajar haɗa RAID a Linux), sai LVM (mai raba wurin ajiya) da ext4 (tsarin ajiye fayil) a kai, wani abokina ne ya haɗa min. Wuri ya kusa cika sai na sayo guda biyu masu 4TB, na cire tsoho ɗaya na sa sabo har ya gama haɗuwa, amma har yanzu 1.8T nake gani. An cuce ni ne a kasuwa? Kuma na biyun in zare shi kawai in sa sabon?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kwantar da hankalinka, daga abin da ka faɗa ban ga alamar cuta ba, haka RAID1 yake, duk abin da aka rubuta a wannan faifan sai an rubuta shi a wancan, to ba yadda za a yi ya wuce girman ƙaramin cikinsu. Muddin mai 2TB ɗin nan yana ciki, ko 10TB ka sa a gefensa 2TB za ka gani. Kuma 1.8T ɗin ma 2TB ɗin ne, masu ƙera faifai da dubu suke lissafi ita kuma kwamfuta da 1024, don haka idan ka gama komai 3.6T za ka gani ba 4 ba, kar ka koma wajen mai shago da faɗa.

Amma kafin ka taɓa na biyun akwai abin da nake so ka duba, don nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Ta yaya ka yanka patishan a sabon faifan? In kwafo tsarin tsohon ka yi da sfdisk, to patishan ɗin 2TB ka yi a kan faifan 4TB, sauran wurin yana nan a banza, kuma in tsarin patishan ɗin MBR ne, wato tsohon tsari, abin ya fi haka muni tunda MBR a faifai mai sakta 512 ba ya iya wuce 2TiB (a lissafin 1024), dole sai sabon tsari GPT. Buga lsblk -o NAME,SIZE,SERIAL ka ga girman patishan ɗin, sannan parted -l zai gaya maka gpt ne ko msdos, wato MBR. In ka ga msdos gara ka gyara tun yanzu da tsohon yake nan da cikakken kwafi, ka fitar da sabon da --fail da --remove, ka sake yanka shi da GPT ka mayar ya sake haɗuwa. Kuma kar ka cinye faifan har ƙarshe, bar kamar 100MB a baya, saboda fayafan kamfanoni daban-daban sukan ɗan bambanta a girma ko da duk 4TB aka rubuta a jiki, ranar da za ka sake canji in sabon ya gaza ko da kaɗan ne mdadm ba zai karɓe shi ba. Duba kuma mdadm --detail /dev/md0 (md0 sunan RAID ɗin ne) wajen Version, in 1.2 ne lafiya lau, in kuwa 0.90 ne tsohon tsari ne mai iyakar girma, ni a nan sabon RAID zan gina a kan sababbin fayafan in kwashe kayan.

To batun zare na biyun, a'a kar ka zare kawai. Yadda ka yi na farko ka yi sa'a ne, don duk tsawon lokacin da yake haɗuwa kwafi ɗaya tak gare ka a cikin RAID ɗin, a kan tsohon faifan da aka tilasta wa karanta kansa kaf daga farko har ƙarshe, kuma a irin wannan karatun ne saktocin da suka lalace shekara da shekaru ba a sani ba suke bayyana. In akwai ramin SATA da ya rage a madabod, sa sabon a matsayin na uku tsohon yana nan a wurinsa, ka yi mdadm /dev/md0 --add /dev/sdc1 sannan mdadm /dev/md0 --replace /dev/sda1 --with /dev/sdc1, shi zai kwashe zuwa sabon sai ya gama tukuna ya sallami tsohon, kai kuma ka yi --remove. Sunayen nan misali ne fa, sda da sdc suna iya musanya bayan an kashe an kunna, da lambar siriyal da ke jikin faifan za ka tabbatar wane ne wane, wallahi zare faifan da ba shi ba yana kashe wa mutane kaya. Ka riƙa leƙa cat /proc/mdstat har sai layin recovery ya gama ya ɓace kuma kana ganin [UU]. A gudun 150MB a daƙiƙa 2TB zai ci kusan awa huɗu, a zahiri yakan fi haka, don haka ka zaɓi lokacin da inbata ko UPS zai riƙe ka in an ɗauke wuta.

Su kansu sababbin a gwada su, smartctl -t long, in ya gama ka duba smartctl -a, lamba 5 da 197 da 198, masu ƙirga saktocin da suka samu matsala, su zama sifili, sannan Power_On_Hours zai tona asiri in na hannu aka sayar maka a matsayin sabo. Ka kuma binciki lambar samfurin ko SMR ne ko CMR, hanyoyi biyu ne na jera rubutu a kan faifai. SMR yana jan ƙafa sosai wajen dogon rubutu irin na haɗa RAID, a 2020 an yi ta surutu da aka gano wasu fayafan WD Red na kamfanin Western Digital masu 2TB zuwa 6TB SMR ne, daga baya kamfanin ya ware masu CMR ya kira su Red Plus. In SMR ne naka zai yi aiki amma ka shirya jira.

Bayan duka biyun sun zama 4TB ma wurin ba zai ƙaru da kansa ba, kamar ka sayi filin maƙwabci ne amma katangarka tana nan inda take. Hawa-hawa ne kuma daga ƙasa ake farawa. Na farko mdadm --grow /dev/md0 --size=max, zai sake haɗa sabon ɓangaren, a jira shi ya gama, in ya yi ƙorafin bitmap sai ka cire shi da --grow --bitmap=none ka yi faɗaɗawar ka mayar da --bitmap=internal. Sai pvresize /dev/md0 don LVM ya san an samu ƙari. Sai lvextend, a ƙarshe resize2fs, ko ka sa -r a lvextend ya haɗa biyun lokaci guda. ext4 yana faɗaɗa yana kan aiki, ba sai ka sauke shi (umount) ba. Yawanci za a ce maka ka buga -l +100%FREE, ni dai ba na son haka, gara ka ba shi kamar -L +1T ka bar saura a hannun LVM, ƙari minti ɗaya ne duk ranar da ka buƙata, ragewa kuwa sai ka sauke ext4 ɗin kuma da haɗari.

In Ubuntu ɗin kanta a kan fayafan nan take to akwai sauran aiki, mdadm ba ya kwafo GRUB, manhajar da ke tayar da kwamfutar. Sai ka yi grub-install a kan kowane sabon faifai, in kwamfutar tsohon BIOS ce kuma ka koma GPT tana buƙatar ɗan patishan bios_grub na 1MB, in UEFI ce kowane faifai ya samu nasa patishan EFI. Ka gama wannan kafin ka zare tsohon na ƙarshe, in ba haka ba kayanka suna nan amma kwamfutar ba za ta tashi ba.

Tsohon faifan da ka cire tun farko kar ka goge shi yanzu, cikakken kwafi ne na ranar da ka cire shi, kuma shi kaɗai ne bakof ɗinka in hannu ya kuɓuce wajen bugawa, don abin da ka goge a RAID1 ya gogu a duka biyun nan take. Ajiye shi a aljihun tebur, kar ka sake jona shi a wannan kwamfutar tare da sababbin tunda har yanzu yana ɗauke da shaidar md0 a jikinsa. In ka yi sati biyu komai lafiya, ka sa shi a akwatin USB ka yi masa mdadm --zero-superblock don goge wannan shaidar ka sake fomatin, ka riƙa kwafe bidiyon mutanen da ba ka miƙa musu ba tukuna a kai.