Zauren Tambaya da Amsa: Shin "Indiyawan Daji" Zagi Ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da tarihi a sakandare. Tun muna yara, a finafinan kaboyi, "Indiyawan daji" muke kiran mutanen da Turawa suka tarar a Amurka. Kwanan nan wani ɗalibina ya ce wannan suna cin mutunci ne. Da gaske ne? Me ya kamata in riƙa cewa?
Daga wata malama a Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Ɗalibinki ya yi gaskiya. Kalmomin biyu kowacce da matsalarta. "Indiyawa" kuskuren Kolumbus ne, Baturen matuƙin jirgin ruwa wanda ya sauka a tsibiran Karebiyan a 1492 yana zaton yankin Indiya ya isa. "Daji" kuwa ta fi ciwo, domin tana nufin mutanen da ba su da gari, ba sarauta, ba doka, kuma da wannan hujjar ce aka halatta ƙwace musu ƙasa. Ki ba ɗalibanki labarin al'ummar Ceroki: a 1821 wani mutum nasu mai suna Sekwoya ya kammala ƙirƙiro wa harshensu rubutu, a 1828 suna buga jarida, amma a 1838 sojoji suka tasa ƙeyarsu zuwa yamma, kimanin mutum 4,000 suka mutu sanadin wannan kora. Masu jarida da kotu ne fa ake kira 'yan daji.

Idan jimla za ki yi, ki ce "'yan asalin nahiyar Amurka". In kin san al'ummar, ambaton sunanta ya fi, don gwamnatin Amurka kaɗai ta amince da al'ummomi sama da 570, kowacce da hukumarta. Waɗanda aka sani da Nabaho, Dine suke kiran kansu. A Kanada tsarin mulkin 1982 ya ambaci rukuni uku: waɗanda yau ake kira Al'ummomin Farko, da Inuwit na arewa mai ƙanƙara, da Metis, zuriyar auratayyar 'yan asali da Turawa. "Eskimo", kalmar da a da ake kiran Inuwit da ita, an daina ta a can. Jam'i Inuwit, mutum ɗaya Inuk. Sai dai a kula, mutanen Yupik na Alaska ba Inuwit ba ne, kada a gudu daga kuskure a faɗa wani.

Za ki iya cin karo da dattijo a Amurka yana kiran kansa Ba'indiye, kuma kalmar tana nan cikin dokokin ƙasar. Wannan haƙƙinsa ne. Abin da ɗan gida ya kira kansa ba lasisi ba ne ga baƙo. Sannan ki kiyayi cewa "sun kasance suna zaune a can" kamar an shafe su. Suna raye, suna zaɓe, suna kai gwamnati ƙara.

TAMBAYA: Ina fassara labarai a gidan rediyo. Idan na ce "'yan asalin ƙasa", masu saurare suna ɗauka irin takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma nake nufi. Yaya zan bambance? Kuma a Afirka, da kowa ɗan ƙasa ne, wa ake nufi?
Daga wani ma'aikacin rediyo a Kano

AMSA: Malam, abubuwa biyu ne daban. Takardar ƙaramar hukuma batun rabon aiki da gurbin karatu ne. Wanda Majalisar Ɗinkin Duniya take nufi kuwa al'umma ce mai harshenta da al'adunta, rayuwarta ɗaure da wata ƙasa, wadda masu iko suka mayar saniyar ware. Ƙiyasin Majalisar ya kai mutum miliyan 476 a ƙasashe 90. A karon farko cikin labari ka ce "al'ummomin asali da aka danne", ka kawo sunan al'ummar da ƙasarta, daga nan sunan kaɗai ya wadatar. Ka riƙa cewa "al'ummomi", ba "mutane" ba, domin a dokar duniya al'umma ce ke da haƙƙin tafiyar da lamuranta.

Tambayarka ta biyu gwamnatocin Afirka ma sun yi ta. Ranar 13 ga Satumba 2007, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin haƙƙoƙin waɗannan al'ummomi, Amurka, Kanada, Ostireliya da Niyu Zilan suka ƙi, Nijeriya na cikin ƙasashe 11 da suka ƙaurace wa ƙuri'ar. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta ce ma'aunin a nan ba wa ya riga wa zuwa ba ne, wariya ce da barazana ga hanyar rayuwa, kamar ta San a Botswana, Batwa a Ruwanda da Mbororo a Kamaru da Chadi. A 2017 kotun Afirka da ke Arusha ta yanke cewa Kenya ta tauye haƙƙin Ogiyek da ta kore su daga dajin Mau.

Mu ma muna da gyara a bakinmu. Mutanen da aka gina Abuja a ƙasarsu Gbagyi suke kiran kansu, da yawansu ba sa son "Gwari", balle "gwaranci" da muke nufin magana marar kan gado. "Arna" kuwa kada ta fita a rediyo ko kusa. In za ka yi hira da mutum, kafin ka kunna rakoda ka tambaye shi yadda yake so a ambaci al'ummarsa, ka sa ya maimaita har ka iya furtawa.

TAMBAYA: Mutanen da ke fama da talauci, canza suna me zai ƙara musu?
Daga wani ɗalibin jami'a a Maraɗi

AMSA: Ɗan'uwa, suna kaɗai ba ya mayar da gona, amma ta kansa ɓarnar ta bi. A Kanada an raba yaran al'ummomin asali kimanin 150,000 da iyayensu, aka kai su makarantun kwana da gwamnati ke biya, coci-coci ke gudanarwa. Yaro na isa a aske masa gashi, a karɓe tufafinsa, a ba shi sunan Turawa, a wasu wuraren har da lamba, in ya yi harshen uwarsa a hukunta shi. Dubbai ba su koma gida ba. Sai a shekarun 1990 aka rufe na ƙarshen makarantun. Hukumar gaskiya da sasantawa ta Kanada ta kira abin kisan kiyashin al'ada a 2015, ta ba da shawarwari 94. Ta 17 ta nemi a bar waɗanda suka tsira da iyalansu su dawo da sunayensu na asali a takardun shaida ba tare da biyan kuɗi ba, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe wannan hanya a fasfo.