In cire jari in buɗe situdiyon hoto?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Tun ina saurayi nake son ɗaukar hoto, tun zamanin da ake sa fim a kai wanki a jira. Ban taɓa karɓar ko sisi a kai ba, kuma har yau koyo nake yi. Yanzu na haura shekara hamsin, ina da shagon da ke riƙe da iyalina. Ina so in cire kashi ɗaya bisa uku na jarina in sayi babbar kyamara da fitilu, in kama ɗaki in buɗe situdiyo. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kyamara kam ka saya, ban ga laifinta ba. Amma kada kuɗinta ya fito daga uwar kuɗi, kuma maganar kama ɗaki a jingine ta tukuna.

Mu fara da lissafin da ka fi ni sani. A ce jarinka 100 ne, kana juya shi sau huɗu a shekara, kowane juyi yana kawo ribar 10. Ka cire 33, ribar da ka yafe ta kai 13 a kowace shekara, tun kafin a yi zancen haya da wuta da yaron da zai zauna maka a ɗaya daga cikin wuraren biyu. Kayan shago suna fita su dawo da riba. Kyamara kuwa ranar da ka yage kwalinta darajarta ta fara sauka, kuma duk sabon samfurin da kamfani ya fitar yana ƙara karya farashin taka. Har marfin cikinta, wanda ke buɗewa ya rufe duk lokacin da ka danna, yana da iyakar aiki: yawancin kamfanoni suna ƙiyasta masa dannawa 100,000 zuwa 300,000, gwargwadon girman kyamarar.

Sannan kasuwar da kake son shiga ba ita ce wadda ka sani da ƙuruciya ba. Ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, ta lissafa cewa kamfanoninta sun fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 a 2010. A 2020 ko miliyan 9 ba su kai ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar. Mutumin da a da sai ya yi kwalliya ya tafi situdiyo, yau ɗansa ne ke ɗaukarsa a tsakar gida. Masu ɗaukar hoto suna nan suna cin abinci, amma abin da ake biyan su a kai ya sauya: iya sarrafa haske, zuwa a kan lokaci, da miƙa aiki ranar da aka yi alkawari.

Nan ne nake ganin kana da abin da matasan da ke yawo da kyamara ba su da shi. Ka san 'yan kasuwa, ka san abin da ke sa mai saye ya tsaya. Duk mai tallata kaya a intanet yana bukatar hoton da zai nuna ainihin kalar kayan da ingancinsu, domin idan hoto ya nuna ja mai haske aka kai wa mutum ja mai duhu, kaya za su dawo, rigima ta biyo baya. Wannan aikin ba ya bukatar situdiyo. Tebur kusa da taga, farin kwali a ƙasa ya lanƙwasa ya hau bango don kada a ga kusurwa, wani farin kwalin a gefen da ke da inuwa ya mayar da haske, sai ƙafar kyamara don kada hannu ya girgiza. A kashe fitilar ɗaki, saboda haɗuwar haskenta da na rana shi ke ɓata kala. Ka fara da kayan shagonka, ka ga ko ciniki ya motsa. In ya motsa, maƙwabtanka da kansu za su tambaye ka wa ya ɗaukar maka.

Wajen saye, ka nemi ta hannu mai lafiya. Tun da Canon da Nikon suka karkata ga samfurin da ba shi da madubi a ciki, masu madubin sun yi araha a kasuwar na hannu, kuma hotonsu bai rage komai ba. Ka sa a duba maka yawan dannawar da aka yi mata kafin ka biya. Kuɗin da ka rage ka zuba a gilashin gaba, wanda ake cirewa a sauya, don shi ya fi riƙe daraja idan ka tashi sayarwa. Gilashi mai milimita 50 yana cikin mafi sauƙin kuɗi, kuma ya isa hoton fuska da na kaya.

Ka buɗe wa hoto asusunsa daban. Duk wata ka yanka masa wani abu daga rabonka na riba, abin da ko ya tafi bai dawo ba, shago ba zai ji a jikinsa ba. Duk abin da hoto ya kawo ya koma can, ka rubuta. Kuma idan za ka yanke farashi, kada ka lissafa lokacin ɗauka kaɗai. Zaɓe da gyara a kwamfuta sau da yawa sun fi ɗaukar cin lokaci, ga zirga-zirga, ga tsufan kayan aiki. Ka karɓi kafin alƙalami, ku rubuta yawan hotuna da ranar miƙawa da inda za a yi amfani da su. Masu sha'awa irinka sun fi faɗawa a nan: daɗin an yaba musu sai ya sa su ji nauyin faɗin kuɗi.

Akwai kuma dukiyar da ba ka ambata ba, wato hotunan da ka tara tsawon shekarun nan. Vivian Maier mai rainon yara ce a Shikago ta Amurka, ta ɗauki hotuna sama da 100,000 ba tare da duniya ta sani ba. A 2007 aka yi gwanjon akwatunanta saboda ta kasa biyan hayar wurin ajiya, ta rasu a 2009, wasu ne suka ci moriyar aikinta. Ba ina ce maka naka za su yi irin wannan tashe ba. Yawancin hotuna ba sa yi. Amma ka mayar da tsofaffin cikin kwamfuta, ka rubuta shekara da wurin kowanne, ka ajiye kwafi a wuri biyu aƙalla, ɗaya ba a gidanka ba. Daga cikinsu ka tsamo ashirin mafiya kyau, su ne abin da za ka nuna wa mai neman aiki.

Abu ɗaya da lissafi ba ya nunawa: yau abin da ya burge ka kake ɗauka, gobe abin da kwastoma ke so za ka ɗauka, ko da kwalabe hamsin ne iri ɗaya. Wasu suna jin daɗin hakan, wasu kuma sha'awar ce ke mutuwa a hannunsu. Shi ya sa nake so ka gwada shekara guda cur, a ranakun da shago bai matse ka ba, kada a saki reshe a kama ganye.

Idan shekarar ta cika, ka buɗe littafin. In asusun hoto ya mayar da kuɗin kyamara, kuma akwai ayyukan da ka mayar saboda rashin wuri, to ka fara da hayar situdiyon wani na awa-awa. Ranar da abin da kake biya a wata ya kusa kai hayar ɗaki naka na kanka, ka sake rubuto mini mu duba alƙaluman tare.