Amsa: me ya sa shirin C64 yake ƙin aiki a kan C128 da Plus/4 alhali duk BASIC ne

Malam, ka ce kana da shirin BASIC da ke tafiya lafiya a kan Commodore 64, amma da ka ɗora shi a C128 sai ya tsaya cak, a Plus/4 kuma allo bai sauya launi ba kuma babu sauti. Shirin bai lalace ba. Tushen yaren BASIC da ake rubuta shirin da shi ɗaya ne a duk waɗannan kwamfutocin, wanda kamfanin Commodore ya saya daga Microsoft don kwamfutarsa PET a 1977. PRINT, GOTO, FOR da IF duk suna nan yadda suke. Inda ake samun tangarɗa shi ne abubuwan da ke kewaye da yaren.

BASIC V2 na C64 ba shi da umarnin zane ko na sauti ko na launi, don haka masu rubuta shiri a lokacin sai su riƙa cusa lamba kai tsaye cikin ƙwaƙwalwar inji da POKE. Layin da ke da POKE, PEEK (karanto lamba daga adireshi), SYS (tayar da yaren inji) ko WAIT (jiran adireshi ya sauya) magana yake yi da injin kansa, kuma kowane inji da nasa adireshin. A C64 launin gefen allo yana 53280, na bango 53281, allon rubutu yana farawa a 1024, launin haruffa a 55296, guntun sauti SID kuma a 54272. Plus/4 da C16 na 1984 ba su da SID sam, guntu ɗaya mai suna TED ke riƙe da hoto da sauti. Gefen allonsu yana 65305, bango 65301, rubutu 3072, launi 2048. Idan ka yi POKE 53280 a Plus/4 ka jefa lamba ne cikin ma'adanar da ba ruwanta da allo, shi ya sa ka ga shiru. Gara ka cire su ka sa COLOR, VOL da SOUND na BASIC 3.5.

C128 ya fi ruɗarwa, domin rabi yana aiki rabi ba ya yi. A allo mai gurbi 40, 53280 da 54272 da 1024 duk suna nan. Ƙananan adireshi ne suka ƙaura. Layin nan da ake yawan gani, POKE 198,0:WAIT 198,1, wanda ke jira a danna maɓalli, shi zan fara zargi a naka. A C128 ƙidayar maɓallan da aka danna ta tashi daga 198 zuwa 208, jerin su kuma ya tashi daga 631 zuwa 842. PEEK(197), mai nuna maɓallin da aka danna, ya koma PEEK(213), kuma idan ba a danna komai ba C64 yana ba da 64, C128 yana ba da 88. Wanda ya gyara adireshin ya manta da wannan lambar, shirinsa zai ɗauka hannu na kan maɓalli kullum. Rubutun da ke tafiya a ko'ina shi ne 100 GET A$:IF A$="" THEN 100.

In ka ga SYS 49152, to akwai yaren inji, wato umarnin da injin ke bi kai tsaye ba ta BASIC ba, da shirin ke zubawa a wannan fili na 4K da C64 ya bari. A C128 wurin nan ROM ne, wato ƙwaƙwalwar da ba a iya rubutu a ciki, a BANK 15, ɗaya daga cikin bankunan da C128 ke kasa ƙwaƙwalwarsa. Fili mara kowa yana daga 4864 zuwa 7167, amma matsar da yaren inji aiki ne na sake lissafin adireshinsa ɗaya bayan ɗaya. A nan shawarata ka haƙura: rubuta GO64, ko ka riƙe maɓallin Commodore yayin kunna injin, ya tashi a matsayin C64.

Sai sunayen ma'ajai, wato A, B$, X1 da makamantansu. V2 ya keɓe ST, TI da TI$ kawai. BASIC 3.5 da 7.0 sun ƙara DS, DS$, ER da EL. Tunda haruffa biyu na farko kaɗai ake dubawa, suna kamar DSK ko ELEV zai jawo ?SYNTAX ERROR da zarar an zuba masa lamba. Akwai wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Injin yana mayar da kowace kalmar umarni zuwa lamba mai bayit ɗaya ne (wasu na C128 bayit biyu) a daidai lokacin da ka danna RETURN. Ma'aji mai suna DO da aka rubuta a C64 zai ci gaba da aiki a C128 muddin daga faifai aka ɗauko shi. Ranar da ka gyara wannan layin ka danna RETURN, DO ya zama umarni, layin da jiya yake lafiya ya mutu. Sauya irin waɗannan sunaye tun kafin ka taɓa komai.

Lambobin kalmomin daga 128 zuwa 203 iri ɗaya ne a duk injinan. Daga 204 zuwa sama kowa ya kama gabansa: 213 DSAVE ce a BASIC 4.0 na PET, amma ELSE ce a 3.5 da 7.0. Shirin C128 mai ɗauke da irin waɗannan ba zai tafi a C64 ba, LIST ma shirme zai nuna.

Ka kuma lura da yadda kake lodi. Shirin BASIC yana farawa a 2049 a C64, 7169 a C128, 4097 a Plus/4, 1025 a PET. LOAD"SUNA",8 yana ajiye shi inda injin ke so. LOAD"SUNA",8,1 yana kai shi adireshin da ke rubuce a fayil, sai ka yi LIST ka ga wayam. PET kuwa ba ya matsar da shiri ko kaɗan. VIC-20, wani injin Commodore, shi da kansa ma ba ya jituwa: ba ƙarin ƙwaƙwalwa yana farawa a 4097 da allo a 7680, da ƙarin 8K kuma sai 4609 da allo a 4096.

Ga yadda za ka bi da shi. Ka fara yin kwafin faifan. Sannan ka fitar da shirin a matsayin rubutu zalla daga C64: OPEN 2,8,2,"0:SUNA,S,W":CMD 2:LIST, bayan ya gama sai PRINT#2:CLOSE 2. Kada ka tsallake PRINT#2, shi ke sakin CMD. In da manhajar kwaikwayo ta VICE kake aiki, petcat da ke zuwa tare da ita ya fi sauƙi: -2 yana warware fayil ɗin C64 zuwa rubutu, -w70 yana ɗaure shi don C128, -w3 don Plus/4. A cikin rubutun ka nemo kowane POKE, PEEK, SYS da WAIT ka rubuta aikinsa a gefe, sannan ka bi sunayen ma'ajai.

Idan so kake fayil ɗaya ya gane inda yake, PEEK(65534) yana ba da 72 a C64, 23 a C128, 114 a VIC-20. Ka zuba adireshin cikin ma'ajai a farkon shirin gwargwadon amsar, kuma ka tsaya kan kalmomin V2 kaɗai. Layi kada ya wuce haruffa 80. C128 yana karɓar 160, kuma C64 zai gudanar da irin wannan dogon layi, amma ba za ka iya gyara shi a can ba.

Jinkirin da aka gina da FOR mara komai a ciki shi ma ba zai zo daidai ba, domin 7.0 ya fi V2 nauyi saboda tsallake-tsallake tsakanin bankunan ƙwaƙwalwa. Yi amfani da TI, mai ƙirga 60 a daƙiƙa. FRE(0) kuma a C64 yana ba da lamba ƙasa da sifili idan filin ya haura 32767, sai an ƙara 65536. A C128 wannan gyaran ba ya da amfani, kuma filin ma'ajai FRE(1) ke faɗa, tunda a banki na 1 suke zaune.

Turo layin da ya tsaya a kai da saƙon da ya fito, a duba adireshin tare.