Amsa ga ɗiyata da ta tambaya ko ana iya kiran Allah Uwa

Ɗiyata, tun shekaranjiya na ga tambayarki, na bari sai da na samu natsuwa kafin in sa baki. Kin ce kin kalli bidiyon wata mai wa'azi a ƙasar Turai ta buɗe addu'a da "Uwarmu wadda ke cikin sama", abin ya tsaya miki a rai, kina son ki san ko saɓo ne, ko kuwa Littafi Mai Tsarki ya bar ƙofar haka. Na ga wasu sun ce ki tuba don kin ma kawo maganar. Raina bai so wannan ba. Mai tambaya ba ya ɓata, kuma yarinyar da aka daka wa tsawa a gida, gobe waje za ta je neman amsa.

Ni ba fasto ba ce. Abin da nake da shi, shekara 26 ina koyar da yara a makarantar Lahadi a nan cikin Katsina, ina kuma cikin Zumuntar Mata tun ina amarya. Daga nan zan amsa miki.

Ki fara riƙe wannan da kyau: Allah ba namiji ba ne, ba kuma mace ba. Yesu ya faɗa wa matar nan ta bakin rijiya a Samariya cewa Allah Ruhu ne. A Farawa 1:27, namiji da mace duka aka halitta cikin siffarsa. A Maimaitawar Shari'a sura 4 kuma Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa ranar da Ubangiji ya yi musu magana daga cikin wuta a Horeb ba su ga wata siffa ba, saboda haka kada su sassaƙa gunki mai kamar namiji ko mai kamar mace. Matar ƙanena 'yar Katolika ce, ita ta taɓa buɗe mini katekisim ɗinsu na 1992, sashe na 239, na ga su ma haka suke koyarwa, Allah ya fi ƙarfin rabuwar nan ta namiji da mace.

Mu Hausawa harshenmu ne ke ƙara wa maganar nauyi. Bature in yana magana da mutum, kalma ɗaya yake da ita ga namiji da mace. Mu kuwa ba za ki iya jimla ɗaya ta addu'a ba sai kin zaɓa, ko "ka ji mu" ko "ki ji mu". In kika gudu zuwa "ku" na girmamawa, sai ya zama kamar alloli ne da yawa. Amma ki duba, muna cewa rana ta faɗi, wata ya tsaya, ba wanda ya taɓa ɗaukar rana mace ce mai zane da ɗankwali. Haka "ya" ɗin da muke yi wa Allah. Har hikima, wadda ke tsaye tana kira a Karin Magana sura 8, "ta" ce a Hausa kamar yadda take a Ibrananci.

Abin da ya sa na daina ɗaukar wannan magana da wasa, wata yarinya ce 'yar shekara tara da na taɓa yi a ajina. Duk lokacin da muka tashi yin Addu'ar Ubangiji, da an ce "Ubanmu" sai ta rufe baki ruf, ta sunkuyar da kai tana murza gefen rigarta. Na ɗauka ba ta haddace ba ne. Da aka tashi na riƙe ta, ashe ta iya tas. Na yi ta lallashi kafin ta ce, "Mama, ni ba na son Allah ya zama kamar babana." Uban mashayi ne, in ya shigo da dare kowa a gidan sai ya nemi maɓoya. Wallahi na rasa bakin magana. Na nemi izinin uwarta na tafi da ita gida mu ci abinci. Damina ce, muna zaune a bakin ƙofar ɗaki hadari ya haɗo, yayyafi ya fara. Kazata mai 'yan tsaki ta ruga gindin turmi ta baje fikafikai, suka shige ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ake gani sai ƙananan kawuna suna leƙowa ta cikin gashinta. Ruwan yana sauka a bayanta, ba ta motsa ba. Na ɗauko Littafi na karanta mata Matiyu 23:37, inda Yesu yake makoki a kan Urushalima, yana cewa sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza ke tattara 'yan tsakinta ƙarƙashin fikafikanta. Ta dubi kazar, ta dube ni, ta ce, "Shi da kansa ya faɗa?" Na ce shi da bakinsa.

Daga ranar na shiga neman irin waɗannan ayoyi, na kuma yi mamakin yawansu da yadda ba a cika yi mana wa'azi a kansu ba. A Ishaya 66:13 Ubangiji ya ce kamar yadda uwa ke ta'azantar da ɗanta haka zai ta'azantar da mu. A 49:15 ya tambaya ko mace za ta iya manta da jaririn da take shayarwa, ya ce ko ita ta manta, shi ba zai manta ba. Duk wadda ta taɓa jin nono ya cika mata tana tsakiyar kasuwa don yaro na kuka a gida, ta san nauyin wannan aya. A 42:14 har da mace mai naƙuda ya kwatanta kansa, tana nishi tana haki. Kalmar rahama ma da muke faɗa kullum, tushenta ɗaya da sunan mahaifa, a Larabci da Ibrananci duka. Kuma ba yau aka fara lura da haka ba. Wata baiwar Allah a Ingila, Juliyan ta garin Nowic, wadda ta ga wahayi a 1373, ta rubuta cewa Yesu uwa ne a gare mu. Fafaroma Yohanna Bulus na Ɗaya ma, a watan Satumba 1978, ya ce Allah ubanmu ne, har ma uwa ne.

To duk da haka, ni ba na buɗe addu'a da "Uwarmu", ba na kuma koya wa yara haka. Kwatanci daban, sunan kira daban. Yawancin ayoyin nan da "kamar" suka zo, kuma ban ga wurin da annabi ko manzo ya durƙusa ya kira Allah Uwa ba. Da almajirai suka roƙi Yesu ya koya musu addu'a, "Uba" ya sa a bakinsu. A Getsamani, a daren da ya fi kowane dare tsanani, "Abba" ya ce, kalmar da yaranmu na Katsina ke kiran mahaifinsu da ita har yau. Sunan nan ba mu muka raɗa ba, ba mu aka yi, shi ya sa nake jin tsoron canza shi. Baftisma ma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki aka umarta a Matiyu 28:19. Da wasu suka sauya kalmomin don su kauce wa "Uba" da "Ɗa", Batikan, fadar Fafaroma, ta yanke a 2008 cewa wannan baftisma ba ta yiwu ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafe mu mu kaɗai. Kakata Bamagujiya ce daga wajen Malumfashi. Kafin bishara ta iske su, Inna, iskar nan da ake kira Doguwa, suke yanka wa dabba, a zuba jini don gona ta yi albarka, don kada ta shanye wa mutum hannu ko ƙafa. Har ta rasu, in aka ambaci sunan sai ta ce a bar maganar. In da ta ji jikarta tana cewa "Inna ta sama", da kuka za ta yi, don a kunnenta komawa ce ga abin da ta baro da ƙyar. Irmiya ma ya yi fama da masu toya wa Sarauniyar Sama waina. Ga kuma maƙwabtanmu Musulmi da muke zaman lafiya da su, tun can kalmar "Ɗan Allah" sai mun yi dogon bayani cewa ba aure da haihuwa muke nufi ba. Mai wa'azin da kika gani ba ta ɗauke da waɗannan kaya a kanta, mu muna ɗauke da su.

Inda nake rabuwa da wasu 'yan'uwa shi ne in suka mai da "Uba" sanda. Na taɓa jin wani dattijo yana cewa tun da Allah Uba ne, namiji ya fi mace kusa da shi. Wannan kuskure ne babba, ya fi na mai bidiyon haɗari a wurina, domin shi a cikin gidajenmu yake zaune. Ita kuwa ba zan yanke mata hukunci ba, ban san rauninta ba, ko da yake ba zan ce amin ga kalmar ba.

Yarinyar nan ta ajina ban tilasta mata ba. Na ce ta riƙa cewa "Ya Ubangiji" ko "Ya Makiyayina" har zuciyarta ta kwanta, muka yi ta karanta labarin uban da ya hango ɗansa ɓatacce daga nesa ya sheƙa da gudu ya rungume shi. Sai da aka kusa shekara, wata Lahadi na ji muryarta cikin na sauran tana cewa "Ubanmu". Ban waiwaya ba, don kada ta ji kunya.

Ke ma, ɗiyata, ki karanta Ishaya 49 da 66 da Zabura 131 a wannan mako, a hankali, ba da gaggawa ba. In kuma akwai wani abu a bayan tambayar da ba ki so ki rubuta a gaban jama'a, ki same ni bayan an tashi Zumunta, ina zama har a gama share majami'a.