Tambayoyinku ga Likita: layin dogo ba wurin kwantar da mara lafiya ba ne

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan sati. Saƙonnin da suka shigo mani da yawansu a kan layin dogo ne, kuma ban yi mamaki ba, tun da aka aza harsashin aikin jirgin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, layin da ya ratsa Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya ya nufi Nijar, mutanenmu da yawa sun wayi gari ƙarfen dogo ya bi ta bakin gonarsu ko bayan gidansu. Akwai tambaya ɗaya da ta tsaya mani a rai tun da na karanta ta, za ku gan ta a ƙasa.

Tambaya daga Kofar Marusa: Likita in na hau jirgin Kaduna zuwa Abuja ina danna waya sai in ji jiri da tashin zuciya. Ciwo ne?

Amsa: Ba ciwo ba ne Malam, ido ne ke kan abu a tsaye, kunnen ciki kuma yana jin motsi. Aje wayar, zauna kana fuskantar inda jirgin ya dosa, ka riƙa kallon nesa ta taga. In jirin na zuwa ko kana gida, je a auna jininka.

Tambaya daga Shargalle: Likita ni lebura ne, ƙarfe ya soke ni a tafin ƙafa shekaranjiya, abokan aiki suka ɗiga mani baƙin mai, wani ya ce in ƙara da ruwan batir. Ƙarfen sabo ne fil ba tsatsa, dole sai na yi allura?

Amsa: Haba ɗan'uwa, ruwan batir fa? Asid ne, naman ƙafarka zai ci. Baƙin mai kuma dattin inji ne aka tura maka cikin rauni. Wallahi wannan abu ya ishe mu, kullum sai an kawo mana ƙafar da ruwa da sabulu sun ishe ta amma an ɓata ta da toka ko fetur ko kashin shanu. Ƙwayar tetanus, wato ciwon sarƙewar haƙora, ba a tsatsa take ba, a ƙasa take da kashin dabbobi, kuma ta fi son rauni mai zurfi mai ƙaramin baki irin naka. Tana iya lafewa kwana 3 har zuwa 21 sannan haƙora su sarƙe, wuya ya sandare. Yau ɗin nan ka je asibiti a wanke a yi maka allurar, kar ka ce sai an biya kuɗin sati. In ka ji muƙamuƙi ya fara nauyi ko ƙafar ta kumbura da zazzaɓi, ko da tsakar dare ne a kai ka.

Tambaya daga Daura: Likita dan Allah a taimaka mani. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki wata biyar kenan, hannu da ƙafar dama. An turo ma yayanmu bidiyo a WhatsApp na mutane a wata ƙasa suna kwance a kan ƙarfen dogo, wai akwai lantarki a jiki mai tada jijiya. Yanzu ya ce a riƙa kai Baba da rana in ƙarfen ya ɗau zafi. Na ce ina jin tsoro, ya ce ai wajen gonarmu layin a miƙe yake sambal, kana hango abu tun daga nesa, in jirgi ya taho sai a ɗauke shi. Ni mace ce ba a jin maganata.

Amsa: 'Yar'uwa Allah ya ba Baba lafiya, Allah ya saka maki da alheri da kika tsaya kika tambaya. Ki kai ma Yaya wannan amsar ya karanta da kanshi, in ta kama ki haɗa da kawunku ko limamin unguwa. Kar a kai Baba kan layin nan. Ko sau ɗaya.

Bidiyon nan tsoho ne. A 2011 an yi yayin haka a unguwar Rawa Buaya ta birnin Jakarta a Indonesiya, talakawa da kuɗin asibiti ya gagara suka riƙa kwanciya a kan layi, har sai da hukuma ta hana. Jiragen can da lantarki suke tafiya, kuma duk da haka ba wani binciken likitoci da ya nuna ya warkar da kowa. Jiragen da ke bin layin Kaduna da na Kano kuwa da man gas, wato dizal, suke aiki, ba da lantarki ba. Sannan ciwon Baba ba a hannu ko ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake, jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe wani sashe ya lalace. Ba ƙarfen da zai gyara wannan ta bayan fata.

Zafin kuma da Yaya ke nema shi ne zai fara yi mashi illa. Ƙarfen dogo a rana yakan fi iskar wajen zafi da kusan digiri 20, toh ki duba watan Afrilu a Daura da muke haura 40. Mai shanyewar jiki sau da yawa ɓarin nan baya jin zafi sosai, fata na ƙuna shi bai sani ba, in da ciwon suga kuma gyambon ya ƙi warkewa. Na taɓa karɓar wani dattijo da 'ya'yanshi suka gasa ma ƙafa da bulo mai zafi saboda ƙauna, wata uku muna wankin ciwo, abin da ya kawo shi asali ma aka ajiye shi gefe.

Yanzu maganar miƙewar layi, wadda ita ce ta fi tada mani hankali, domin ba Yaya kaɗai ke faɗinta ba, masu kiwo na faɗi, 'yan makaranta na faɗi, masu babur na faɗi. Inda layi ya miƙe nan jirgi ya fi gudu, don haka ma injiniyoyi ke son shi a miƙe. Jirgin da ke tafiyar kilomita 100 a awa yana cin wajen mita 28 duk daƙiƙa ɗaya. In kin hango shi a rabin kilomita, daƙiƙa 18 gare ku. A cikin daƙiƙa 18 ɗin za a ɗaga dattijon da baya iya taimakon kanshi, a kan tsakuwa mai zamewa, hankali a tashe, a janye shi nesa, tunda jikin jirgi ya fi layin faɗi da kusan mita ɗaya kowane gefe? In zanen wani ya maƙale fa, in wanda ke riƙe da kafaɗa ya yi tuntuɓe fa?

Kuma idon ɗan Adam yana yaudararshi a miƙaƙƙen layi. Abin da ya doso ka kai tsaye girmanshi baya canzawa sosai a ido, za ka gan shi ɗan ɗigo kamar a tsaye yake, sai ya matso sannan ya cika maka ido lokaci ɗaya. Babban abu kuma kullum gani ake kamar a hankali yake tafiya, kamar yadda kike ganin jirgin sama in zai sauka. Ƙara da kawalwalniya da tsakar rana, ƙara da hazo lokacin hunturu da ko ƙarshen gona ba ka gani. Kunne ma ba abin dogaro ba ne, layin zamani ana walde ƙarafunan ne su zama ɗaya, babu ƙaƙas-ƙaƙas ɗin tsohon dogo da iyayenmu suka sani, kuma in iska na kaɗawa ta nufi wajen jirgin sai ya zo kusa kafin a ji.

Direban ko ya gan ku ba abin da zai iya. Ba sitiyari gare shi ba balle ya kauce, taya ƙarfe ce a kan ƙarfe, jirgin kaya mai nauyi in ya taka birki yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Shi kanshi miƙaƙƙen layi gajiyar da ido yake. A Ostireliya akwai inda layi ya miƙe kilomita 478 babu kwana ko ɗaya a filin Nullarbor, ya fi Kano zuwa Maraɗi gaba ɗaya da ke wajen 284, kuma saboda irin wannan gyangyaɗin ne ake sa ma kan jirgi na'urar da direba zai riƙa taɓawa lokaci-lokaci, in ya daina ta taka birki da kanta. Kar kuma wani ya ce ai ba a fara jigila sosai ba, injinan aiki da taragun tsakuwa ba su da lokacin da za ka ce ka haddace.

Abin da zai amfani Baba ga shi. Maganin hawan jini kullum, ba sai ranar da kai ya yi ciwo ba, a kuma riƙa auna jinin da sugan. A kai shi sashen gashin ƙashi, wato fisiyo, akwai a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, su koya maku motsa hannu da ƙafar da za ku riƙa yi mashi a gida safe da yamma, wata biyar bai yi latti ba sam. A riƙa juya shi duk awa biyu in yana kwance. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci ko kunu don kar ya shaƙe. In kun ga baki ya ƙara karkacewa, magana ta sarƙe, ko ɗaya ɓarin ya yi sanyi, asibiti nan take, ba gobe ba, ba bayan an gwada wani abu ba. Ƙarfin da Yaya zai sa ya ɗauki Baba zuwa gona, ya sa shi wajen kai shi fisiyo. Kuma dan Allah ku ja kunnen yaran gidan, ba ɗora kunne a ƙarfe don a ji jirgi, ba tafiya a tsakiyar layi da abin jin waƙa a kunne.

Tambaya daga Jibiya: Ina da asma, ƙurar tifofin aiki na tada mani ita. In sha fiya-fiya kaɗan a ruwa kamar yadda aka ce?

Amsa: Subhanallahi, fiya-fiya guba ce, kashe mutum take, kar ki kusance ta Hajiya. Takunkumi, rufe taga, inhela a jaka kullum. In kin shaƙa bai lafa ba, asibiti.

Tambaya daga Mashi: Likita yarona ɗan shekara 11 yana fitsarin jini a ƙarshen fitsari. Suna wanka a kududdufin da aka haƙi ƙasar aiki. Kakarshi ta ce balaga ce.

Amsa: Malam a gaida Kaka da girmamawa, amma ba balaga ba ce, namiji baya jinin balaga. Ya fi kama da tsargiya, tsutsa ce da ke fitowa daga katantanwar ruwan da ke kwance ta shiga ta fata, in aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda. A kai fitsarinshi a auna, maganin praziquantel ne, gwargwadon nauyin yaro ake ba shi, kar a saya a kemis a yi ƙiyasi. Abokan wankan nashi ma a duba su. Kuma a hana su ramin nan, gefenshi a tsaye yake ba kamar rafi ba, yaro na zamewa sai tsakiya. A kai shi asibiti cikin satin nan.