Akwatin Na'ura: Wace Kwamfuta Zan Saya, Kuma Maganar Wa Zan Ji?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun taru, kuma da yawansu kuka ɗaya suke yi: mutum ya kai tambayarsa wani zauren intanet, ya fito ya fi yadda ya shiga rikicewa. Ga huɗu da na zaɓo.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar Bayero, mazauniyar Rijiyar Zaki: Malam, baɗi zan rubuta furojet. Mahaifiyata ta ɗauki adashi ta ba ni in sayi laftof ta hannu. Na yi tambaya a wani guruf ɗin WhatsApp na masu harkar kwamfuta. Wani ya ce in ba Core i7 ba ce kada in ɓata kuɗina, wani ya ce MacBook kawai, wani kuma ya turo sitikar dariya ya ce in je in tambayi Google. Tun ranar ban ƙara magana ba. Me zan saya?

Ƙanwata, Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ya sa ki ci moriyar abin da za a saya. Babu abin dariya a tambayarki. Abin da ya ɓace a amsoshin da aka ba ki shi ne babu wanda ya tambaye ki aikin da za ki yi da na'urar. Kowa ya faɗa miki abin da ransa ke so ne.

Mu fara da maganar i7. Wannan sunan shi kaɗai ba ya nuna ƙarfin kwamfuta sai an haɗa da shekarunta. Kamfanin Intel ya shafe shekaru yana fitar da ƙwaƙwalwar kwamfuta zubi-zubi, kowane zubi da i3 ɗinsa da i5 da i7, kuma lambar da ke biye da sunan ita ce ke tona asiri. In kika ga i7-3520M, ukun nan na farko na nufin zubi na 3, ƙirar 2012. In kika ga i5-8250U, zubi na 8 ke nan, ƙirar 2017, kuma wannan i5 ɗin ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi nesa ba kusa ba, ga rashin shan batir. Mai shago zai nuna miki sitika a jikin na'ura ya ce, "Hajiya, i7 ce fa." Bai yi ƙarya ba, shekarunta ne bai faɗa ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake nanata zubi na 8. Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta rufe gyaran tsaro na yau da kullum da take turo wa Windows 10, kuma Windows 11 a ƙa'ida daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Wanda ya sayi ƙasa da haka yau ya sayi na'urar da aka fara juya wa baya.

Bayan zubi, abu biyu za ki duba. RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, kada ya gaza giga 8. Ma'adanar fayiloli kuma ta zama SSD, wato irin mai sauri marar faifai, ko da giga 256 ce, kada ki yarda da tsohon hard disk mai faifai a ciki saboda an ce miki ya fi faɗi. Bambancin laftof mai tashi cikin 'yan daƙiƙu da wadda sai kin kunna kin je kin yi alwala kin dawo, yawanci a nan yake. Ni da za ki bi ta tawa, ki nemi irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu, wato ThinkPad ta Lenovo, Latitude ta Dell ko EliteBook ta HP. Jikinsu na da ƙwari, kuma in batir ko caja ko madannai suka lalace, ana samun kayan gyaransu a cikin gari. MacBook na'ura ce mai kyau, ban musa ba, amma gyaranta da tsada, sababbin ciki ba a iya ƙara musu RAM bayan an saya, kuma yawancin abokan karatunki da za ki nemi taimakonsu Windows suka sani.

Ranar saye, ki je shagunan kwamfuta na Beirut Road a nan Kano da yayanki ko wani ɗan ajinku da ya san abin, kuma ku je da hantsi, kada ku bari sai dab da magariba ana gaggawar rufe shago. A zare caja a kunna bidiyo, ku zauna kuna kallon yadda batir ke sauka. Ki buɗe shafin rubutu ki danna kowane harafi. A gwada kyamara da lasifika da kafofin saka filashi, a ga tana kama intanet. Ki buɗe murfin ki rufe, ki ji ko yana lilo. A tabbatar babu wata kalmar sirri da tsohon mai ita ya bari a ciki. Sannan a rubuta miki rasit ɗauke da lambar jikin na'urar da kwanakin da za ki iya dawo da ita in matsala ta fito. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan binciken.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai a wasiƙarki, wato cewa tun ranar ba ki ƙara magana ba. Mu da muka koyi intanet a farkon shekarun 2000, bayan shigowar layin GSM a 2001, a kafe, wato shagon intanet, muka koya, wajen Zoo Road, ana sayen lokaci awa-awa. Na kusa da kai zai bar nasa allon, lokacinsa da ya biya yana tafiya, ya nuna maka yadda ake buɗe adireshin imel da yadda ake maƙala takarda a jikin saƙo. Babu wanda ya zo duniya da sanin wannan abu, dukkanmu hannu aka kama mana. Shi ya sa nake jin takaici in na ga yaron da bara aka nuna masa inda ake kunna kwamfuta, bana shi ne mai tura wa na bayansa sitikar dariya. Kuma na lura, wanda ya san amsa yakan ba da amsa ne. Mai dariyar sau da yawa ba shi da abin faɗa.

Illar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Wadda aka kunyata takan yi shiru, ta tafi kasuwa ita kaɗai, ta dawo da na'urar 2012 a kan kuɗin adashin uwarta. Mata ne suka fi yin wannan shirun, na sha gani. Masu riƙe da irin waɗannan zauruka, don Allah ku liƙa saƙo ɗaya a sama mai bayanin abubuwan farko da sabon shiga ke tambaya, kuma ku ja kunnen masu izgili kamar yadda kuke jan kunnen masu tallan da ba a nema ba. Ke kuma ki koma ki sake tambaya. Ki faɗi adadin kuɗinki da aikin da za ki yi, ki tura hoton lambobin na'urar da kika gani. A kowane zaure akwai mutanen kirki da ke karantawa ba sa magana, irin wannan tambayar ce ke fito da su.

Daga wani tela a Fagge: Malam, ɗana ya gama sakandare, ya dame ni sai na saya masa iPhone, wai abokansa na yi masa ba'a saboda Tecno yake riƙewa. Kuɗina tsohuwar iPhone kawai za su iya saye. Da gaske ta fi?

Baba, Allah ya ƙara buɗi, ya shirya mana zuri'a. Sabuwar iPhone waya ce mai inganci, kyamararta da kyau, kuma Apple na daɗewa yana turo mata sabuntawa. Amma tsohuwa wata magana ce daban. iPhone 6 ta fito tun 2014, kuma a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kanta da kan iPhone 5s, saboda babbar manhajarsu ta tsaya a baya. Na sama da su kaɗan ma layi suke bi. Ga batir da ya riga ya gaji, ga haɗarin a sayar muku da wadda ke kulle da asusun iCloud, wato asusun Apple, na wani, wadda in ta rufe sai dai a sayar da ita a matsayin kayan gyara.

Tecno da Infinix da itel duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen a ƙasar Sin, kuma shi ne ya fi kowa sayar da wayoyi a Afirka. Ya kai nan ne saboda ya duba halin da muke ciki: layi biyu a waya ɗaya, babban batir saboda ƙarancin wuta, da kyamarar da aka daidaita don baƙar fata. Ba abin kunya ba ne a riƙe wayar da aka ƙera da mu a rai. Kai ma ka sani, Baba, ba sunan keke ke fitar da ɗinki ba, ƙafar da ke taka shi ce. Akwai samari a garin nan da ke ɗaukar hoton kaya suna tallatawa, suna haɗa bidiyo, suna koyon zane, duk da wayar da ake yi wa ɗanka ba'a a kanta.

Shawarata ka zaunar da shi ka tambaye shi me zai yi da iPhone ɗin da wannan ta kasa. In ya kawo aiki na gaske, ku tara kuɗin a hankali ku sayi wadda ke da sauran shekaru a gaba. In kun je kasuwar waya ta Farm Centre, a danna *#06# a ga lambar jikin wayar da za ta fito ta yi daidai da ta kwali ko ta rasit, a duba lafiyar batir a cikin saiti, kuma mai ita ya fita daga asusunsa a gabanku kafin kuɗi su bar hannunka.

Daga wani matashi a Hotoro: A guruf ɗinmu sun ce duk wanda ba ya amfani da Linux bai san kwamfuta ba. Ni kuma zanen katin biki nake yi da CorelDraw. In sauya?

Ɗan'uwa, kada ka sauya. Linux babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta, kishiyar Windows. CorelDraw da Photoshop ba su da zubin Linux na kansu, kuma shagunan da kake kai wa bugu fayil ɗin Corel suke karɓa. Abincinka a nan yake.

Ina faɗin haka ne duk da ina ƙaunar Linux. Tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, in aka ɗora mata Linux Mint, wani nau'in Linux, sai ta dawo da rai, ta yi rubutu da lissafi da manhajar LibreOffice, ta shiga intanet, ba a biya ko sisi ba. Makarantun unguwa da ke da tsofaffin kwamfutoci jibge a sito ya kamata su san wannan. Mai son koyon harkar saba, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe shafukan intanet, ko tsaron intanet kuwa dole ya bi ta kan Linux. Amma abokanka su tuna yadda abin ya faro. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar a wani zauren intanet cewa yana haɗa wata manhaja don sha'awa, ya nemi mutane su faɗa masa abin da suke so a saka. Ita ce Linux, kuma taimakon juna ne ya raine ta har ta zama ginshiƙin Android, ita ce ma a cikin wayar da suke turo maka gorin da ita. In kana son ɗanɗanawa, a zuba maka Linux Mint a filashi, ka tayar da kwamfutarka daga kansa ka yi wasa da shi, in ka zare komai naka na nan yadda ka bar shi.

Daga wata mai sayar da atamfa da leshi, da ke saro kaya a Kantin Kwari: Wayata na ɗaukar zafi har ta ƙi caji, ga shi da ita nake ciniki. Laftof ɗin maigidana ma fankarta na ƙara. Lalacewa suka yi?

Hajiya, mai yiwuwa lafiyarsu ƙalau, garin ne da zafi. Apple da kansa ya ce a yi amfani da wayoyinsa a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran wayoyin ma kusan haka ne, mu kuwa a watan Afrilu Kano na haura 40. In waya ta ji zafi ya yi yawa takan tsayar da caji da kanta don kare batir. Ki cire mata riga lokacin caji, ki ajiye ta a kan siminti ko tayil a inuwa, kada ki sa ta ƙarƙashin filo, kada kuma ki bar ta a gaban mota a rana. Ki daina ɗora hotunan kaya ko kiran bidiyo tana jikin caja, don zafi biyu kike haɗa mata. Caja mai arha ta bakin titi ma tana jawo wannan, ki nemi mai kyau. Amma in kika ga bayan wayar ya kumbura ko gilashin ya fara ɗagowa, ki kashe ta a ranar ki kai a canza batir, wannan ba ya jiran gobe.

Ta Alhaji kuwa ƙurar hunturu ce ta cika mata fanka. Ya kai wa mai gyara a buɗe a busa, a sake shafa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta, sau ɗaya a shekara bayan hazo ya wuce. Kuma ya daina ɗora ta a kan katifa ko dardumar falo, don ta ƙasa take shaƙar iska. Ko faranti ne ya sa mata a ƙasa.